Yadda Uwa Mai Riƙon 'Ya'ya Ita Kaɗai Za Ta Fita Da Su Ƙasar Waje, Mataki-Mataki

Iyaye mata da aure ya mutu, da waɗanda miji ya rasu, da waɗanda uban yara ya yi nisa da su, suna yawan aiko da tambaya guda: ta ina za a fara idan ana so a fita da yara ƙasar waje, don karatu, ko aiki, ko ziyara? Mafi yawansu sun riga sun duba kuɗin tikiti, wasu har sun hango gidan haya a intanet, alhali takardar da za ta ba su ikon ƙetare iyaka da yaro ba ta zo hannu ba. Wannan riga malam masallaci ne. Aikin yana da jeri, kuma kowane mataki yana dogara ne da wanda ya gabace shi. Idan zama za ki yi, ki ba kanki wata shida zuwa shekara guda. Idan ziyara ce, wata uku ya wadatar muddin babu gardama a kan yaran.

1. Tabbatar da ikon fita da yaran

Kasancewar yara a hannunki, ke ce ci, ke ce sha, ke ce makaranta, bai isa hujja a bakin iyaka ba. A dokokin ƙasashe da yawa, uba yana da hakkin faɗin inda ɗansa zai zauna ko da bai taɓa sayen sabulu ba, har sai kotu ta ce akasin haka. Don haka ki fara da gano wane hali kike ciki cikin huɗun nan.

Idan uban yana raye kuma ya yarda, ki karɓi izininsa a rubuce. Takardar ta ƙunshi cikakken sunan kowane yaro, ranar haihuwarsa da lambar fasfonsa. Sunanki da lambar fasfonki. Ƙasar da za a je da ranar tafiya da ta dawowa. Sunan uban, adireshinsa da lambar wayar da za a same shi. Ya sa hannu a gaban lauya mai hatimin shaida ko a kotu, a haɗa da kwafin shafin fasfonsa ko katin shaidarsa. Hukumomin iyaka na Kanada da Amurka duk suna ba da shawarar riƙe irin wannan takarda, kuma wasu kamfanonin jirgi sukan nemi ganinta tun kafin su ba da katin shiga.

Idan ya rasu, takardar shaidar mutuwa ta hukuma ce hujjarki, ba ta asibiti kaɗai ba. Idan sunansa bai taɓa shiga takardar haihuwa ba, yawanci takardar haihuwar ita kanta tana wadatarwa. Idan kuwa ya ƙi, ko ya ɓace ba a san inda yake ba, hanya ɗaya ce: kotu. Ki nemi hukuncin da ya ba ki riƙon yaran, wanda kuma ya faɗa ƙarara cewa kina da ikon yi musu fasfo, da fita da su, da zama da su a wata ƙasa. Alƙali zai so ya ga tsari a ƙasa: inda za ku zauna, makarantar da za su shiga, abin da za ku ci, da yadda yaran za su ci gaba da jin muryar ubansu da danginsa. Ki je da waɗannan a rubuce. Idan ɓacewa ya yi, ki adana duk shaidar neman da kika yi masa, saƙonnin waya da wasiƙu da shaidar dangi.

Hattara: izinin ziyara ba izinin ƙaura ba ne. Idan takarda ta ce mako shida kika zauna shekara, a idon doka kin riƙe yaro ba bisa ƙa'ida ba, ko da ke kika haife shi. Yarjejeniyar Heg ta 1980, wadda ƙasashe sama da 100 suka shiga, ta tanadi a mayar da yaron da bai kai shekara 16 ba ƙasar da ya saba zama, domin kotun can ta yanke hukunci. Kotun da ke sauraron irin wannan ƙara ba ta tsayawa auna wanda ya fi iya tarbiyya. Abin da take dubawa shi ne ko an fitar da yaron da izini. A wasu ƙasashe ma laifi ne da ake ɗauri a kansa. A Ingila, uwar da kotu ta ce yaro ya zauna a wurinta tana iya fita da shi har kwana 28 ba tare da neman izini ba, amma abin da ya wuce haka sai da yardar uban ko ta kotu. In ƙaura za ki yi, kalmar ƙaura ta fito a takardar.

Uwar da ta gudo daga duka da barazana tana cikin hali na daban, kuma zuciya takan raya mata ta kwashi yara ta tafi kawai. Wannan ne lokacin da ya fi buƙatar lauya. Rahoton 'yan sanda, takardar asibiti da umarnin kariya daga kotu su ne za su tsaya mata daga baya.

2. Haɗa takardun asali, a buga musu hatimi

Ki tanadi takardar haihuwar kowane yaro mai ɗauke da sunayen iyaye, takardar aure da ta saki ko ta mutuwa, hukuncin kotu, katin riga-kafi, da sakamakon makaranta na shekara biyu da suka wuce. Ki shimfiɗa su a tabarma ko tebur ki bi sunaye harafi-harafi. Idan takardar haihuwa ta ce Aishatu, fasfo ya ce Aisha, ko an juya rana da wata a ranar haihuwa, yanzu ne lokacin gyara. Gyaran da zai ci miki mako biyu kina gida yana iya cin wata shida daga waje.

Takardar wata ƙasa ba ta aiki a wata sai an tabbatar da ita. Idan ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniyar Heg ta 1961, hatimi ɗaya da ake kira afostil ya wadatar. Idan ɗaya ba ta ciki, sai an bi dogon layi: hukumar da ta bayar da takardar, sannan ma'aikatar harkokin waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ki je. Bayan hatimi sai fassara, a hannun mai fassarar da hukumar can ta amince da shi.

Hattara: kada ki yi fassara kafin hatimi, domin sau da yawa shi ma hatimin ana so a fassara shi, sai ki biya sau biyu. Kada kuma ki liƙe takardun asali da leda mai zafi. Ofisoshi da dama ba sa buga hatimi a kan takardar da aka liƙe.

Ki yi kwafi biyu na komai, ki ɗauki hotonsu ki aje a imel ɗinki, ki bar kwafi ɗaya wurin wanda kika amince da shi.

3. Fasfo

Kowane yaro da nasa, har jaririn wata guda. Fasfon yara ya fi na manya gajeren wa'adi. A Amurka da Birtaniya shekara 5 ne. Ƙasashe da yawa suna so ya rage aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, suna so ya wuce ranar fitarki da wata uku, ya kasance an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, kuma akwai shafi biyu da ba a taɓa ba. Neman fasfon yaro shi ma yakan buƙaci sa hannun iyaye biyu, shi ya sa mataki na farko ya zo kafin wannan. Idan sunan ƙarshe na yaran ya bambanta da naki, takardar haihuwa ta zauna tare da fasfo a kowace tafiya.

4. Biza: bincika ta yaran kafin taki

Kuskuren da ya fi cin kuɗi a nan yake. Uwa takan sami gurbin karatu ko aiki, ta biya kuɗin makaranta, sai daga baya ta gano irin bizarta ba ta ɗaukar yara. Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, sai masu karatun bincike mai zurfi irin na digirin digirgir da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Daga Maris 2024 kuma aka hana sababbin ma'aikatan kula da tsofaffi da marasa lafiya zuwa da nasu. Dokokin nan suna canzawa, don haka ki karanta shafin hukumar shige da fice na ƙasar da kanki a makon da za ki cike fom, kada ki tsaya ga abin da dillali ya faɗa.

Ko inda aka yarda a zo da yara, uwa ita kaɗai tana da ƙarin aiki. Ƙa'idar Birtaniya ita ce iyaye biyu su kasance suna nema tare ko suna can, sai dai idan ɗaya ya rasu, ko ke kaɗai ke ɗauke da nauyin yaron, ko akwai dalili mai ƙarfi. Ɗaukar nauyi ke kaɗai kuwa sai an nuna shi: wasiƙar makaranta da ke cewa ke ce ke zuwa taro kina biyan kuɗi, wasiƙar likita, rasit, hukuncin kotu. Takardar izinin uba ita kaɗai ba lallai ta gamsar da su ba, har ma tana iya nuna cewa yana da hannu a rayuwar yaron. Wannan wuri ne da kuɗin lauyan shige da fice mai rajista ba asara ba ne.

Ga lissafin kuɗi. Bizar ziyara ta Shengen tun Yunin 2024 yuro 90 ce ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, kyauta ga wanda bai kai 6 ba, ban da ladan cibiyar karɓar takardu. Dole a haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000 ga kowane mutum. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Amsa takan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45. Bizar tana ba da kwana 90 ne cikin kowane kwana 180, kuma ba ta zama ba ce, ba ta aiki ba ce. A Birtaniya, mai bizar zama yana biyan kuɗin kiwon lafiya tun wurin nema: daga Fabrairun 2024, fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro da ɗalibi, kuma na dukan shekarun bizar ake biya a dunƙule. Ki ninka da yawan yaranki kafin ki yanke shawara.

Hattara: idan an ce a nuna kuɗi a banki, ana nufin kuɗin da ya kwana. Birtaniya tana so ya zauna kwana 28 a jere bai sauka ƙasa da adadin ba ko da rana ɗaya. Kuɗin aro da aka zuba jiya a cire gobe yana jawo ƙin biza, kuma takardar bogi tana jawo haramcin shiga na shekaru.

5. Lafiya

Ki kai yaran asibiti mako shida zuwa takwas kafin tafiya, da katin riga-kafinsu a hannu. Wasu allurai ana yin su kashi-kashi da tazarar makonni, ba a haɗa su a kwana biyu. Takardar allurar shawara ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, ana yi wa yaro daga wata tara, kuma tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da ita ta tsawon rai. Allurar ƙyanda kuwa ta wuce batun iyaka: a Jamus tun Maris 2020 sai an nuna shaidarta a gidan raino da makaranta.

Yaron da ke shan magani kullum, na asma ko farfaɗiya ko sikila, a tafi masa da na wata biyu zuwa uku a kwalinsa na asali, tare da wasiƙar likita mai ɗauke da sunan sinadarin maganin, domin sunan kamfani yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Samun likitan ƙwararru a sabon wuri yakan ɗauki watanni. Magani a jakar hannu yake tafiya, ba a akwatin da za a auna ba.

Hattara: maganin da ake saye a sauƙaƙe a wata ƙasa yana iya zama haramtacce a wata. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana tsaurarawa a kan kodin da taramadol, Jafan kuma a kan wasu magungunan mura. Ki tambayi ofishin jakadanci kafin ki sa a jaka.

6. Kuɗin zama

Ki kasa kuɗinki uku. Kashi na farko na tafiya ne: biza, tikiti, inshora, hatimi da fassara. Na biyu na sauka ne: masaukin wucin gadi, kuɗin ajiyar haya da hayar watan farko, kayan sanyi idan ƙasar sanyi ce, da abincin wata uku. A Jamus kuɗin ajiyar haya yana iya kaiwa hayar wata uku. A Ingila doka ta tsayar da shi a hayar mako biyar ga yawancin gidaje. Kashi na uku shi ne kuɗin tikitin komawarku duka, wanda ba a taɓawa ko me ya faru.

Abin da lissafi ya fi mantawa da shi shi ne kuɗin raino. A ƙasashe da dama gidan rainon yaron da bai isa makaranta ba yana cin abin da ya kusa hayar gida, kuma bizar aiki da ta karatu sau da yawa ba sa ba da damar karɓar tallafin gwamnati. Ki nemo farashinsa a garin da za ki zauna, ki cire daga albashin da aka yi miki alkawari, sannan ki ga ko aikin ya biya.

Kuɗin ciyarwa daga uba, in akwai, ki sa kotu ta rubuta shi kafin ki tashi. Yarjejeniyar Heg ta 2007 tana taimakawa wajen karɓarsa tsakanin ƙasashen da suka shiga, amma kada ki gina hayar gida a kansa. Ki riƙe katin banki biyu na bankuna daban, ɗaya a jikinki ɗaya a jaka. Tsabar kuɗi da ta kai yuro 10,000 dole a bayyana ta a shiga Tarayyar Turai, haka abin da ya haura dala 10,000 a Amurka.

7. Tikiti da zaɓen hanya

Sai biza ta fito ake sayen tikitin da ba a mayar da kuɗinsa. Ki sayi na kowa a rajista ɗaya, daga farkon tafiya zuwa ƙarshenta. Tikiti biyu na kamfanoni daban yakan fi araha, amma idan jirgin farko ya makara babu mai ɗaukar nauyinki, kuma za ki fita ki karɓi kaya ki sake aunawa da yara a hannu, wanda yana iya buƙatar bizar ƙasar da kika yada zango.

Yaron da bai kai shekara biyu ba yana zama a cinya, yawanci da kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba a tafiyar ƙasa da ƙasa. Babba ɗaya jariri ɗaya yake riƙewa. Mai tagwaye ko mai jarirai biyu sai ta saya wa na biyu kujera ta zo da kujerar mota da kamfanin ya amince da ita, wasu kamfanonin ma sai da wani babba. Idan yaro zai cika shekara biyu kafin ranar dawowa, kujera ake saya masa ta dawowar. Gadon jariri na jikin bango ana nemansa ta waya tun da wuri, kuma yana da iyakar nauyi, wajen kilo 10 zuwa 11 a yawancin jirage. Abincin yara ana odarsa kwana ɗaya ko biyu kafin tashi. Ki zaɓi kujeru a lokacin saye ko da da ɗan kuɗi, don kada a watsa ku.

Zango ɗaya ya fi biyu, kuma tazarar awa uku ta fi ta awa ɗaya. Da yara ba a gudu a filin jirgi.

Hattara: Amurka ba ta da wucewa ba biza, ko da canjin jirgi kawai za ki yi. Tsayawa a filayen jirgi biyu na Shengen a jere shiga yankin ne, sai da cikakkiyar biza. Birtaniya da wasu ƙasashen Turai suna neman bizar wucewa daga masu wasu fasfuna ko da ba za su fita daga filin ba.

8. Kaya da ranar tafiya

Ma'aunin kaya shi ne hannuwanki biyu. Jakar goyo a baya, ƙaramar jakar takardu a rataye ta gaba, hannu ɗaya ga yaro, ɗaya ga keken tura jariri, wanda yawancin kamfanoni ke bari a kai shi har ƙofar jirgi kyauta. Yaron da ya kai shekara biyar yana iya goya ƙaramar jakarsa, amma fasfo ba ya shiga cikinta.

A jakar hannu: kunzugu ɗaya ga kowace awa uku ta tafiya da ƙarin na yini guda, kayan canji ga kowane yaro da riga ɗaya taki, maganin zazzaɓi na yara, ledoji, abin taunawa, cajar waya da batirin ajiya, wanda ba a yarda a sa shi a akwatin aunawa ba. Ruwa-ruwa ba ya wuce mililita 100 a kowace kwalba a yawancin filaye, amma madara da abincin jariri an ɗauke musu wannan. Ki fito da su daban a wurin bincike. Nama da kayan madara ba sa shiga Tarayyar Turai daga waje, sai madarar gari ta jariri da ba ta kai kilo 2 ba a gwangwaninta na kamfani.

Da safen tafiya ki ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa, ki sa masa kati a aljihu mai sunanki da lambar wayarki haɗe da lambar ƙasa. Ki koya musu abu ɗaya: wanda ya daina ganinki ya tsaya inda yake, ya kira ma'aikacin filin mai sanye da yunifom. Banɗaki tare ake shiga. Ki isa fili awa uku zuwa huɗu kafin tashi. Lokacin tashi da sauka ki ba jariri nono ko kwalba, manya su tauna wani abu, kunne ba zai toshe ba.

Jami'in shige da fice yana iya juyawa ya tambayi yaro kai tsaye: wace ce wannan, ina babanka, ina za ku? Aikinsa yake yi, kare yara yake yi. Ki gaya wa yaran tun a gida su faɗi gaskiya a taƙaice, kada ki haddace musu wani labari. Ke kuma ki miƙa takardun mataki na farko ba tare da ɓacin rai ba.

9. Makonnin farko

Ki sauka a masaukin wucin gadi na mako biyu zuwa huɗu. Kada ki tura kuɗin ajiya ga gidan da ba ki shiga da ƙafarki ba; mai gidan da ya ce yana wata ƙasa, zai aiko da makulli bayan an biya, ɗan damfara ne.

Jerin ayyukan shi ne layin waya, rajistar adireshi inda doka ta tanada, asusun banki, rajistar likita, sannan makaranta. A Jamus ana rajistar adireshi cikin mako biyu da tarewa, da takardar shaida daga mai gida, kuma kusan komai yana jiran wannan takardar. A Ingila da sassa da yawa na Amurka adireshinki yana da babban tasiri kan makarantar gwamnatin da yaro zai samu, don haka ki duba makarantu kafin ki sa hannu a haya. Gida ƙarami kusa da makaranta da tashar mota ya fi babba mai nisa, domin ke kaɗai ce mai kaiwa da ɗaukowa.

Shekarun shiga makaranta dole sun bambanta: 3 a Faransa tun 2019, 5 a Ingila, 6 a Jamus, inda kuma ba a yarda da koyar da yaro a gida maimakon makaranta ba. Ki tambayi ajin koyon harshe ga baƙin yara, da kuma shirin riƙe yara bayan tashi. Makaranta takan tashi wajen ƙarfe uku ko kafin haka, aiki kuma sai biyar ko shida. Waɗannan awanni biyu zuwa uku su ne ke kayar da iyaye mata da yawa daga aiki, kuma gurbin yakan cika tun kafin zangon karatu ya fara.

Yaro yakan koma fitsarin kwance, ko ya daina magana a aji, ko ya riƙa faɗa, a watannin farko. Lokacin barci da na cin abinci su tsaya yadda aka saba, a ci gaba da harshen gida a gida, a sa ranar da ake kiran uba da kakanni idan babu haɗari a ciki. Idan abin ya wuce wata uku bai sassauta ba, ki yi magana da malaminsu da likita.

10. San dokar tarbiyya ta wurin

Wannan mataki ya raba iyaye da 'ya'yansu fiye da yadda ake zato. Suwidin ta haramta dukan yara tun 1979, Jamus a 2000, Faransa a 2019, kuma ƙasashe da dama sun bi. Malamai da likitoci a wurare da yawa wajibi ne su kai rahoto idan suka ga tabo ko yaro ya ce an doke shi. Barin ƙananan yara su kaɗai a gida ko a mota, ko barin ɗan shekara tara ya kula da jariri don ki je aikin dare, yana iya kawo jami'an kare yara ƙofarki. A mota kuma kujerar yara dole ce. A Birtaniya har yaro ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135.

Idan jami'an suka zo, ki buɗe ƙofa, ki nemi tafinta, ki rubuta sunayensu, kada ki sa hannu a abin da ba ki fahimta ba, ki nemi lauya a ranar. Ɓoye yara ko yunƙurin fita da su daga ƙasar ana cikin bincike yana ƙara dagula lamarin.

11. Wa zai riƙe su idan kin kwanta?

Cikin watan farko ki samo manya biyu da za su iya ɗaukar yaran cikin awa guda: maƙwabciya, uwar abokin karatunsu, abokiyar aiki, ko wata daga wurin ibada. Ki kai sunayensu makaranta, domin ba a ba da yaro ga wanda ba ya cikin rajista. Ki rubuta takarda ɗaya mai magungunan yaran, abin da jikinsu ba ya so, lambar likita da lambar dangi, ki manna a inda ido zai gani. Yaran su haddace lambarki da lambar gaggawa: 112 a Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada.

Ki rubuta wasiyya bisa dokar ƙasar da kike, ki ambaci wanda kike so ya riƙe su. A dokoki da yawa riƙo yana komawa ga uban da ke raye, don haka idan akwai dalilin da ya sa hakan haɗari ne, lauya ya rubuta shi da hujjoji. Ki kuma yi rajista da ofishin jakadancin ƙasarku.

12. Tafiye-tafiye bayan an zauna

Kafin kowace fita ki duba abu uku ga kowane mutum: wa'adin fasfo, wa'adin katin zama, da ko izinin uba ya shafi wannan tafiyar. Fasfon yara ki fara sabunta shi wata tara kafin ya ƙare, domin daga waje layin ya fi tsawo. Katin zama na ƙasar Shengen yana ba ki yawo a sauran ƙasashen yankin kwana 90 cikin 180, amma bai shafi Birtaniya da Ailan ba. Daɗewa a waje yana kashe izinin zama. A Jamus yawanci wata shida ne. Tafiya a lokacin karatu ita ma tana da tara: a Ingila tun Agustan 2024 fam 80 ne ga kowane yaro, ya koma 160 idan ba a biya cikin kwana 21 ba.

Jaririn da aka haifa a can ba lallai ya zama ɗan ƙasar ba; Birtaniya ta daina bayar da wannan kai tsaye tun 1983. A yi masa rajistar haihuwa, a yi masa fasfo a ofishin jakadanci, a nemar masa izinin zama, sannan a fita da shi, in ba haka ba dawowa da shi zai zama aiki.

Idan yaran za su je hutu wurin ubansu, a rubuta yarjejeniya mai ranar dawowa, a sayi tikitin zuwa da dawowa, kwafin hukuncin kotu ya bi su, katin zamansu kuma ya kasance da sauran wa'adi mai tsawo. Ki fara bincika ko ƙasar da za su je tana cikin yarjejeniyar Heg ta 1980 kuma tana aiki da ita tsakaninta da ƙasar da kuke zaune. Idan ba ta ciki, ki sa lauya a can ya yi wa hukuncinki rajista a kotun wurin kafin yaran su hau jirgi.